Horon Likitan Ciki da Hanta: Nazari daga Madawa, Buza da Keita

Abin da muke nufi da likitan ciki da hanta shi ne wanda ya kammala karatun likitanci na gama-gari, sannan ya keɓe kansa ga cututtukan hanyar abinci, tun daga maƙoshi har dubura, haɗe da hanta da madaciya.

Horonsa ya kasu kashi uku. Na farko shi ne digirin likitanci, irin wanda Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai take bayarwa. Na biyu shi ne DES, wato takardar shaidar ƙwarewa ta shekara huɗu, wadda ake iya nema a Dakar ko Abijan. Na uku sabawar hannu ce, musamman da endoskofi, wato siririn bututu mai fitila da kyamara da ake zurawa ta baki a ga gyambon ciki ido da ido.

Ba a auna wannan horo sai da cututtukan da ke gaban mai shi. Babba a cikinsu ciwon hanta nau'in B ne, wanda Baruch Blumberg ya gano alamar ƙwayarsa a 1965. Yakan kama yaro tun yana goye, ya yi shekaru bai nuna kansa ba, har hanta ta ƙandare, ido ya yi shawara, ciki ya tara ruwa. Aflatoksin, dafin da funfuna ke bari a gyaɗa da masarar da suka sha laima a ajiya, yana ƙara haɗarin kansar hanta ga mai ɗauke da ƙwayar.

Saura matsayin wannan likita a tsarin lafiya. Majinyaci daga ƙauyen Buza yakan fara da CSI, wato cibiyar lafiya ta matakin farko, ya wuce asibitin gunduma, daga nan a tura shi Tawa ko Yamai. Kowane mataki na cin kuɗin mota da kwanaki, ita kuwa hanta ba ta jira. Saboda haka muke ƙidaya koyarwa cikin aikin ƙwararren: ma'aikacin jinya a Keita ya san wanda zai yi wa gwajin jini, ungozoma a Madawa ta tabbatar jariri ya samu rigakafin ciwon hanta nau'in B da Nijar ta shigar cikin allurar yara a 2008. Wanda ya iya wannan ya rage yawan masu iso masa a makare.