Abincin Saƙo: Daga Ribaɗin Wurno Zuwa Ƙarfen Sabis

A wannan ɗan rubutu ina so in jawo hankalin mai karatu ga wani abu da muke mantawa, wato kowane saƙo yana da abincinsa.

Lokacin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi a Wurno, inda ya rasu a 1837, ya jera garuruwan tsaro a bakin iyaka. In mahara suka ɓullo, mai doki ya kai labari gari na gaba, daga nan wani ya ɗauka. Abincin wannan sadarwa dawa ce da harawa, kuma manomin Raba da Goronyo shi ke nome su.

Da aka buɗe Rediyo Kaduna a 1962, sai abincin ya koma batir. Amma akwatin rediyo ji yake ba ka, ba ya kai naka kukan.

A 2001 wayar salula ta shigo Nijeriya. Ƙarfen sabis ɗaya yana cin wat dubu ko fiye, dare da rana. Inda babu lantarki, sai janareta da man dizal da ake ɗaukowa daga nesa. Daɗin daɗawa, makunninsa yana hannun wasu. A Satumba 2021 aka rufe sabis a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Raba da Goronyo, don a takura wa 'yan bindiga. Ran 17 ga Oktoba suka afka wa kasuwar Goronyo, suka kashe mutum fiye da 40.

To, yau akwai wata dabara mai kama da saƙar raga: ƙananan na'urori, kowace tana miƙa saƙo ga maƙwabciyarta. Masu aiki da LoRa ba sa cin ko wat ɗaya, ɗan faifan sola ya ishe su, suna kuwa jefa gajeren rubutu tsawon kilomitoci. Ba sa ɗaukar hoto mai motsi kamar Wi-Fi, wanda ya fi su ci, ya kuma gaza su nisa. Amma kalmar "ga su nan tafe" ba ta da nauyi.

A ganina, wannan ita ce hikimar ribaɗi a sabuwar riga. Sadarwar da gari zai iya ciyarwa da kansa ita ce tasa. Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.