Gora, Jirgin Talaka: Waiwaye Kan Tarihin Fito a Gulbin Rima

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata al'ada ta shan iska: in lokacin zafinsu ya yi, watau daga watan Yuni zuwa Agusta, sai mutane su hura jirgin roba da iska, su kwanta ciki, ruwa ya yi ta gangarawa da su. Wani abokina a Gidan Igwai ya ga hotonsu, ya ce wannan kuma wata sabuwar hikimar Nasara ce. Ni kuwa na ce robar ce kawai sabuwa. Hawa iska a ƙetare ruwa tsohon ilmi ne, kuma mutanen ƙasar nan suna da rabonsu a ciki. Wannan shi ne abin da nake so in ɗan tattauna.

Da farko dai lokacin ma ba ɗaya ba ne. Watannin da Bature ke kira na zafi, mu nan damina ce, sa'ad da gulbi ke cika ya batse, ya shanye fadama. Da bazararmu kuwa, kafin a yi madatsun ruwa, Gulbin Sakkwato kan janye har ya koma 'yan tafkuna, jaki ma ya taka ya wuce. Saboda haka lokacin da Bature ke shiga kogi don nishaɗi, kakanninmu larura ke shigar da su: gona tana ƙetare, kasuwa tana ƙetare, gada kuwa babu.

Jirgin roba bai daɗe ba. A shekarar 1844 wani hafsan sojan ruwa na Ingila, Peter Halkett, ya ɗinka irinsa da yadi mai shafen roba, ya gwada shi a kogin Thames. Amma tun ƙarni na tara kafin haihuwar Annabi Isa (Alaihis Salam) an sassaƙa hoton mayaƙan Assuriya, a ƙasar Iraƙi ta yanzu, suna ƙetare kogi rungume da salka hurarriya. Su fata suka samu, mu kuwa Allah Ya hore mana duma.

Goran fito ba irin na zuba fura ba ne. Ƙato ne, wanda da ƙyar hannu biyu ke zagaye shi, an fafe shi an bar masa baki ɗaya. Mutum kan kwanta rub da ciki a kansa, ya riƙa tuƙi da hannuwa da ƙafafu. Masunci ya riƙe homa a kowane hannu, kifin da ya kama ya jefa cikin goran, watau abu ɗaya ya zama jirgi, ya zama mazubi. Matafiyi kuma ya tuɓe tufafinsa ya cusa ciki, ya isa gaɓa da su a bushe. Har ila yau Bature Barth, wanda ya yi amfani da sunan Abdulkarim, ya kuma zo Wurno da Sakkwato a 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya bayyana wata dabara da ya gani a ƙasar Barno mai suna makara: manyan ƙorai biyu a ɗaure da itace tsakani, mutum ya hau itacen kamar doki, kayansa suna cikin ƙoran.

Ba wai ba mu da jiragen ruwa ba ne. Sarkawa sun daɗe da kwalekwale, kuma an ce Kanta na Kabi, mai birnin Surame a ƙarni na 16, yana da jirgi da aka lulluɓe da tagulla. Sai dai jirgi na sarki ne da mai hali, yana bukatar ƙaton itace da gwanin sassaƙa, ga kuɗin fito. Gora kuwa a gona ake shuka shi. A ganina dalilin da ya sa marubutan tarihinmu suka yi shiru game da shi ke nan: sun ƙirga dawaki da masu, ba su ƙirga abin da ya kai manomi gonarsa ba.

Inda gora ya sami suna a duniya shi ne Argungu. Bayan doguwar gabar da aka yi tsakanin Kabawa da Sakkwato tun zamanin jihadi, Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama ziyara a 1934, aka shirya masa gagarumin su don girmamawa. Daga nan bikin ya kafu a Matan Fada, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Dubban masunta kan ruga cikin ruwa da gora da homa, ana neman wanda zai kamo giwan ruwa mafi girma. Abin sha'awa ne ƙwarai, amma a lura, cikin rani ake yinsa, ruwa ya yi ƙasa. Gwanintar ƙetare gulbi yana tsakiyar cikarsa a watan Agusta ba ta cikin abin da 'yan kallo ke gani.

Ita wannan gwaninta abubuwa biyu suka rage mata ƙarfi. Gadoji suka zo, wannan alheri ne, ba mai musu. Sa'an nan aka gama madatsar Bakolori a 1978, ta Goronyo kuma a 1984, ambaliyar da ke shayar da fadama kowace shekara ta ragu, kifi ya ragu, 'ya'yan masunta da yawa suka nemi wata sana'a. Amma gulbi bai bar halinsa ba. A watan Satumba na 2010 ruwan Rima ya cinye hanyar da ta haɗa gari da mazaunin dindindin na jami'armu ta wajen Kwalkwalawa, ɗalibai da malamai suka koma shiga kwalekwale, mafi yawansu ko iyo ba su iya ba. A Afrilun 2022 kuma jirgi ya kife da mutanen Gidan Magana a ƙaramar hukumar Shagari, mutum 29 suka rasu, Allah Ya ji ƙansu. Gora dai mutum ɗaya yake ɗauka, ba a yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa, kuma rigar ceton da hukumomi kan raba bayan irin wannan hatsari aikinsa take yi. Yaran bakin gulbi yanzu jarka suke runguma, ko robar cikin tayar mota.

Akwai sauran tsofaffin masunta a Kwalkwalawa da Argungu. Ina roƙon 'yan Ƙungiyar Hausa masu neman abin da za su rubuta kundi a kai, su ɗauki rikoda su je su tambayo irin duman da ake shukawa don fito, da yadda ake ɗinke gora in ya tsage, da sunayen da suke kiran igiyar ruwa iri-iri.