Malerkotla: Garin Da Wutar 1947 Ta Yi Wa Tsallake

Mai karatu, in ka kalli 'Gadar', fim ɗin Sunny Deol na shekarar 2001, ba za ka manta da jiragen ƙasan nan da ke isowa tasha maƙare da gawawwaki ba. Abin ya faru da gaske a 1947, lokacin da Turawan Ingila suka raba Indiya gida biyu aka fitar da Pakistan. Mutane sama da miliyan 10 suka bar gidajensu, dubban ɗaruruwa suka halaka, kuma yankin Punjab ne ya fi jin jiki. Musulmin gabashin Punjab kusan duk sun yi ƙaura. Amma akwai wani ɗan gari, tafiyar kilomita kamar 50 kudu da birnin Ludhiana, wanda Musulminsa suka zauna daram. Sunansa Malerkotla.

Asalin garin yana komawa ne ga wani malami ɗan Afganistan, Shehu Sadruddin, wanda mutanen wurin ke kira Haidar Shaikh. Masu tarihin garin sun ce a 1454 Sarki Bahlul Lodi na Delhi ya aurar masa da 'yarsa, ya kuma ba shi ƙasa, nan aka kafa Maler. A 1657 wani daga zuriyarsa, Bayazid Khan, ya gina ganuwa a kusa, aka kira ta Kotla. Da unguwannin biyu suka haɗe sai sunan ya zama Malerkotla, zuriyar Shehun kuma suka ci gaba da sarauta da laƙabin Nawab.

To, labarin da kowane yaro a Punjab ya sani ya faru ne wajen 1705. Gwamnan daular Mughal a Sirhind, Wazir Khan, yana yaƙi da Guru Gobind Singh, shugaba na 10 na mabiya addinin Sikh, wato mutanen nan masu rawani da gemu da ka saba gani a finafinai. Aka kamo ƙananan 'ya'yan Gurun biyu, Zorawar Singh da Fateh Singh, babu wanda ya kai shekara 10 a cikinsu, aka yanke cewa a gine su da ransu a cikin bango. Sarkin Malerkotla, Sher Muhammad Khan, yana zaune a fadar. Shi ba masoyin Gurun ba ne, domin ya yaƙe shi, har ya rasa 'yan'uwa a fagen fama. Duk da haka ya miƙe ya ce kashe yara ba ya cikin Musulunci, ba kuma jarumta ba ce. Ba a saurare shi ba, aka kashe yaran. Sai dai labari ya kai kunnen mahaifinsu, mabiyansa kuma sun yi imani cewa ya sa wa gidan sarautar Malerkotla albarka. Wannan ƙorafi na Sarki shi ne suke kira "Haa da Naara" har gobe.

Kada ka ɗauka daga nan zaman lafiya ya sauka ke nan. Ina! A 1762 Ahmad Shah Abdali ya karkashe dubban 'yan Sikh a Kup, ƙauyen da ke dab da garin, kuma Sarkin Malerkotla na lokacin yana ɓangaren Abdali. A 1872 kuma, bayan masarautar ta shiga ƙarƙashin kariyar Turawa tun 1809, wasu 'yan ɗarikar Namdhari ta Sikh, masu adawa da yankan shanu, suka kawo wa garin hari aka yi asarar rayuka. Wani jami'in Turawa mai suna Cowan ya sa aka ɗaure waɗanda aka kama a bakin igwa aka tarwatsa su. A kwana biyu an kashe mutum sama da 60. Akwai ginin tunawa da su a garin yanzu.

Shi ya sa abin da ya faru a 1947 ya zama abin mamaki. Ƙauyukan kewaye suna ci da wuta, amma masu kai hari ba su shiga iyakar masarautar ba, har dubban Musulmi masu gudu suka fake a cikinta. Ka tambayi ɗan Sikh dalili, zai ce albarkar Guru ce. Musulmi da yawa za su ce albarkar Haidar Shaikh ce. A ganina akwai dalili na uku da bai kamata a raina ba: masarautar tana da sojojinta da 'yan sandanta, kuma gidan sarauta ya tsaya ya tsare iyaka, alhali a gundumomin da ke hannun Turawa hukuma ta riga ta watse. Amma ko da sojoji, da a ce maƙwabta ba su riƙe wancan tsohon alheri a zuci ba, da wuya ɗan ƙaramin gari ya tsira. Wata masaniya 'yar Amurka, Anna Bigelow, ta zauna a garin ta rubuta littafi guda kan wannan batu, 'Sharing the Sacred', wanda ya fito a 2010.

A ƙidayar 2011 mutanen garin sun kai kimanin 135,000, kusan kashi biyu cikin uku Musulmi. Kasuwa ce ke haɗa su. Manoman kewaye, da yawansu Musulmi, sun shahara da kayan lambu, kokwamba da kabeji da danginsu, waɗanda ake lodawa a motoci zuwa manyan birane. Akwai kuma masu ɗinkin surfani da ke yin bajo da lambobin kakin soja da hannu, har ana fitar da su ƙasashen waje. Daren Alhamis kuwa kabarin Haidar Shaikh cika yake yi, kuma abin da zai ba ka mamaki, yawancin masu ziyarar 'yan Hindu ne da 'yan Sikh, domin wasu malaman Musulmin garin ba su yarda da abubuwan da ake yi a wurin ba.

Kai ma'abocin fim ma ka san 'ya'yan garin, ko da ba ka san garin ba. A nan aka haifi Saeed Jaffrey a 1929, dattijon nan da ya fito a 'Dil' da 'Henna', ya kuma fito a matsayin Sardar Patel a 'Gandhi' na 1982. A nan aka haifi Irshad Kamil, wanda ya rubuta waƙoƙin 'Jab We Met' da 'Rockstar'. Dharmendra, mahaifin Sunny Deol, ya yi zama a garin yana saurayi, a nan kuma aka ɗauke shi hotunan da ya aika gasar mujallar Filmfare, gasar da ta kai shi Bombay.

Sarautar kam ta riga ta shuɗe. A 1948 aka haɗe masarautar da wasu, a 1956 ta narke cikin Jihar Punjab. Sarki na ƙarshe, Iftikhar Ali Khan, ya rasu a 1982 bai bar ɗa ba. Ranar Ƙaramar Sallah ta 2021 gwamnatin Punjab ta ba da sanarwar mai da Malerkotla gunduma ta 23 a jihar. Matar marigayi Sarkin, Begum Munawwar-un-Nisa, ta ci gaba da zama a tsohuwar fadar Mubarak Manzil da ta fara zubewa, shugabannin Sikh suna zuwa gaishe ta saboda maganar da Sher Muhammad Khan ya yi shekaru 300 baya, har Allah ya karɓi ranta a 2023.