Kula da Uwa da Jariri a Jihar Damagaram: Wa Ke Yanke Shawara, Wa Tsarin Ya Manta?

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi matakan da aka ɗauka a Jamhuriyar Nijar tun daga 2005 don rage mutuwar mata masu ciki da ƙananan yara, tare da mai da hankali kan Jihar Damagaram, inda Hausawa da Barebari da Fulani da Buzaye da Tubawa ke zaune. Ta dogara ne da nazarce-nazarcen da aka riga aka wallafa. Matsayarta ita ce, an fi cin nasara a inda aka damƙa aiki a hannun mutanen gida, sai dai an gina tsarin ne a kan gidan manomi mazaunin ƙauye.

Gabatarwa

A 2005 gwamnatin Nijar ta soke kuɗin yi wa mai naƙuda tiyata, a 2006 kuma ta haɗa da awon ciki da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5. Kafin nan, shirin musamman na Shugaba Tanja Mamadu ya giggina ƙananan ɗakunan shan magani a karkara. Nazarin da mujallar Lancet ta buga a 2012 ya nuna mutuwar yara ta sauka daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009, kuma gidan sauro mai magani na kan gaba cikin dalilan. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai sun nuna inda gizo ke saƙar: gwamnati kan daɗe ba ta biya asibitoci kuɗin aikin kyauta ba, magani ya yanke, a koma rubuta wa uwa takarda ta je ta saya.

Aiki a hannun mutanen gida

Shirye-shirye biyu da suka samo tushe a Damagaram sun cancanci nazari. A Mirriya, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun koya wa iyaye mata auna damtsen yaro da tsinken awo mai launi uku. Idan ya faɗa ja, wato ƙasa da milimita 115, tamowa ta yi tsanani. An gano matan da ba su taɓa shiga aji ba suna awon daidai da ma'aikatan sa-kai, ga shi kuma kullum suna tare da yaron.

Na biyu shi ne makarantar mazaje, wadda aka fara a 2008 da tallafin Asusun Kula da Yawan Al'umma na Majalisar Ɗinkin Duniya. Magidanta masu mutunci a gari kan taru su tattauna matsalolin haihuwa, su jawo hankalin 'yan uwansu su bar matansu zuwa awo. Dabarar ta dace, domin izinin fita da kuɗin mota a hannun miji suke.

Amma a nan akwai giɓin da wannan maƙala ke ganin ba a ba shi haƙƙinsa ba. A al'adar Hausawa, mai cikin fari kan tafi goyon ciki gidan iyayenta, can take haihuwa, can take wankan jego. Haihuwar fari kuwa, musamman ga yarinya mai ƙarancin shekaru, tana cikin mafi haɗari wajen doguwar naƙuda da jijjiga da yoyon fitsari. A daren da naƙuda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, mijin da ya yi makaranta yana wani gari. Mahaifiyarta da kakarta da ungozoma ne za su ce a ƙara jira ko a ɗaura amalanke. Ga kuma kunyar cikin fari, wadda ta fi ƙarfi a wurin Fulani, da ke sa yarinya ta ɓoye ciki har watannin awon farko su wuce. Shirin da ya ilmantar da miji ya tsallake waɗannan tsofaffi ya bar mai cikin fari a inda ya same ta.

Arewacin jihar

Duk waɗannan matakai sun ɗauka cewa iyali na zaune wuri ɗaya. A Tanut da Gure da Tasker, makiyaya kan bi ruwa da ciyawa, alhali rigakafi da maganin kare yara daga zazzaɓin damina, wanda ake sha wata-wata, suna buƙatar a sake samun yaron a kan lokaci. Ma'aikaciyar da aka turo ta yi karatu da Faransanci, tana aiki da Hausa, kuma ba kowace Batuba ko Buzuwa ce za ta iya bayyana ciwon mara da Hausa ba. Sau da yawa namiji ne tafinta, abin da ke ƙara rufe mata baki.

Don haka maƙalar ke ba da shawarar a ɗauki mata masu jin Tubanci da Buzanci da Fulatanci daga cikin al'ummominsu a horar da su, a kai awo da rigakafi bakin rijiyoyi da kasuwannin dabbobi a ranakun da makiyaya ke taruwa, a kuma haɗa fitar ma'aikatan lafiya da ta malaman dabbobi, kamar yadda aka jarraba a Chadi tun farkon shekarun 2000.