Niyya a Daren Asabar: Yadda Ibadar Yahudawa Ta Shiga Cikin Gida

A wata hira bayan sallar Isha a Gangara, gardama ta kaure a kan Yahudawa. Mu dai a rediyo muke jin sunansu, haɗe da labarin Gaza mai ƙona rai, kuma nawa ran ma yana ƙuna. Sai wani dattijo ya ce mutanen nan ba su san niyya ba, ibadarsu al'ada ce tsagwaronta. Na ce masa, Baba, a nan kam tarihi bai goyi bayanka ba. Suna da kalmarsu, kawana, wato fuskantar da zuciya ga Ubangiji yayin aiki, kuma sun fi shekara dubu suna kai-komo a kanta.

A shekara ta 70 miladiyya sojojin Rum suka rushe Haikalin Ƙudus, yanka hadaya ya tsaya. Malamansu suka ɗauki teburin cin abinci na gida a matsayin madadin wurin hadaya. Shi ya sa har yau ake wanke hannu kafin a gutsiri burodi, a kuma taɓa shi da gishiri. Littafin Mishna, da aka haɗa wajen shekara ta 200, da Talmud bayansa, sun tattauna ko wanda ya yi aiki babu niyya ya sauke farali.

Wasu masana, in suna ba da tarihin kawana, a nan suke tsayawa. Wasu kuma suna bai wa Hasidawan gabashin Turai lambar yabon, mabiya Ba'al Shem Tov da ya rasu a 1760. Ni a ganina duk sun tsallake zamanin da ya fi nauyi, lokacin da Yahudawa ke zaune cikin Musulmi suna tunani da Larabci.

A garin Saragosa na Andalus, wajen 1080, Bahya ibn Fakuda ya rubuta Al-Hidaya ila Fara'idil Ƙulub. Da Larabci ya rubuta shi, da haruffan Ibrananci. Ya raba farillai gida biyu, na gaɓɓai da na zukata, ya nuna cewa aikin gaɓɓai ba ya cika sai zuciya ta halarta. Duk ɗalibin da ya fara Arba'una ta Nawawi da hadisin niyya, ko ya zauna gaban malamin tasawwufi a Maraɗi, zai ji ƙamshin abin da ya sani. Ba na cewa aro suka yi daga tushe, tunda kalmar kawana ta girmi Musulunci. Amma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A Misira, Ibrahim ɗan Musa bin Maimun, wanda ya rasu a 1237, ya rubuta Kifayatul Abidin, ya yabi Sufaye a fili, ya kwaɗaitar da mutanensa wanke ƙafa kafin addu'a da yin sujada. An yi masa ca a kai, bai janye ba.

Shekarar 1492 ta zo musu da musiba biyu. An fitar da Yahudawa daga Sifen, kuma a wannan zamanin ne Shehu Magili ya sa aka rushe majami'arsu ta Tamantit a Tuwat, shi ne dai malamin da ya zo Kano wurin Muhammadu Rumfa, ya kuma zauna a Katsina. Zuriyar korarrun Sifen ta taru a Safad, arewacin Falasɗinu. A can Ishaƙ Luriya, da ya rasu a 1572, ya sanya wa kowane motsi na ibada niyyarsa, har abincin Asabar guda uku.

Ga yadda abin yake a gida. Lissafinsu irin namu ne, rana tana farawa da faɗuwar rana, don haka daren Asabar shi ne yammacin Juma'a. Uwargida ta kunna kyandir biyu, galibi minti 18 kafin rana ta faɗi, ta rufe idanunta da tafin hannu ta yi addu'a. Maigida ya ɗora hannu a kan ƴaƴansa ya sa musu albarka. Burodi biyu ne a rufe, tunawa da mannu da Bani Isra'ila ke tsinta ninki biyu ranar Juma'a. Wannan rufe idon ya fi komai taɓa ni, domin a nan mata suka zuba nasu roƙon. A 1648 aka buga tarin irin waɗannan addu'o'i na mata a Amsterdam, da harshen Yiddish na cikin gida.

Waɗanda aka tilasta wa shiga Kiristanci a Fotugal kuwa ba su da malami, ba su da majami'a. A ƙauyen Belmonte, a 1917, wani injiniya mai suna Samuel Schwarz ya tarar da zuriyarsu. Shekara fiye da 400 ke nan, tsofaffin mata ne ke riƙe da addu'o'in da ka, suna kunna fitilar daren Asabar a ɓoye inda maƙwabta ba za su hangi haskenta ba.