Sarkin Kano Abdullahi Burja (1438–1452)

Abdullahi Burja ɗan Kanajeji shi ne sarki na 16 a jerin sarakunan Kano na gidan Bagauda. Ya gaji ɗan'uwansa Dauda a 1438, bisa lissafin da H. R. Palmer ya yi wa littafin Tarihin Kano, wanda ya fassara daga Larabci a 1908.

A zamaninsa ne aka buɗe hanyar fatauci daga Barno zuwa Gwanja, ƙasar goro da ke arewacin Gana ta yau. Littafin ya ce shi ne sarkin Hausa na farko da ya mallaki raƙuma, kuma na farko da ya kai wa Barno gaisuwa.

Amma inda mulkinsa ya fi barin tabo shi ne kudancin ƙasar Kano. Burja ya fita ya kafa sansani a Kudu, wadda ake ɗauka Birnin Kudu ce, ya shekara ɗaya da wata shida, sannan ya wuce Dutse. A nan Galadima Daudu ya roƙe shi ya koma gida, shi zai ci gaba da yaƙin. Galadima ya shekara 7 a kudu, yana aika wa sarki bayi 1,000 duk wata, sarki kuwa yana aika masa da dawaki da tufafi. Da zai komo, an ce ya kafa garuruwa 21 a kan hanya, ya zaunar da bayi 1,000 a kowanne. Ko da akwai ƙari a waɗannan alƙaluma, sun nuna cewa ƙauyukan da aka kwashe ne suka biya farashin bunƙasar Kano, kuma littafin bai ambaci sunan ko ɗaya daga cikin mutanen da aka raba da gidajensu ba.

Abin da takobi ya ci, Burja ya ɗaure shi da aure. Ya auri 'yar Sarkin Dutse, da 'yar Sarkin Rano, da 'yar Sarkin Shira, da 'yar Galadima kansa. A birni kuwa, Dagaci, basaraken da ya zo daga Barno tun zamanin Dauda, ya tara dukiya ya kafa kasuwar Karabka.

Bayan rasuwar Burja a 1452, Dakauta ya yi kwana ɗaya a gadon sarauta, Atuma ya yi bakwai, sannan Yakubu ɗan Burja ya hau. Ɗan Yakubun, Muhammadu Rumfa, ya gaje shi a 1463.