Asalin Kalma: Halifa

Halifa kalma ce da Hausa ta aro daga Larabci, tushenta na nufin zuwa a bayan wani. Abubakar Siddiƙ ne aka fara kira halifan Manzon Allah (SAW) a shekarar 632.

A ƙasar Hausa kalmar ba ta zauna a fada ba. Magajin Shehu Usmanu, Sarkin Musulmi ake ce masa. Zawiya ce ta riƙe ta: a Funtua da Malumfashi, in an ce halifa, wanda ya gaji shehin ɗariƙa ake nufi, mai jan wazifa da ba da wuridi. A cikin gida kuwa laƙabi ne, na yaron da ya ci sunan kakansa, don uwa ta kauce wa ambaton sunan suruki.